Malamar da Ta Ƙi Karɓar Alli

"Ba zan rubuta ba, ranka ya daɗe."

Haka malamarmu ta Turanci ta faɗa wa shugaban makaranta ranar jarrabawar ƙarshe. Ya miƙo mata alli da takardar amsoshi, wai ta kwafe su a allo kafin mai sa ido ya dawo. Ƙanwata na cikin ajin, ita ta ba ni labari.

"Haba Malama, taimakon yara ne fa."

"Taimako? Gobe ɗayansu zai tsaya a kan majinyaci da kwalba a hannu. Kai za ka je ka karanta masa?"

Shekara talatin tana shigowa aji da leda cike da tsofaffin kwalayen magani. Ta yi bismilla, ta raba mana, kowa ya karanta nasa da ƙarfi. Ka ci karo da kalma, ta ce, "Sake, 'yar nan. Kina sauri kamar an biyo ki?" Har muka sa mata suna Malama Sake.

Da yawanmu a gida an tsoratar da mu cewa Turanci na raba yaro da salla. Ita kuwa cewa take, "Wanda ya halicci harsuna bai manta da wannan ba. Ku dai gyara niyya."

Sai da na fara aikin jinya na ji asalin kwalayen. Tana ƙaramar uwa, ba ta iya karatu ba, ta ba ɗanta na fari cokali biyu inda aka rubuta rabi. Bai kai la'asar ba. A ranar ta yi wa Allah alkawarin za ta koyi karatu ta koyar da shi, kuma ba ta taɓa gaya mana ba.

Malama, ke ce kika mayar mana da karatu ibada. Duk kwalbar da na ɗauka sai na karanta sau biyu, ko layi ya kai bakin ƙofa, ko wa zai yi tsaki. Allah ya saka miki. Masu alli a hannu, ga abin koyi, in kuna da zuciyar.

Amma ku san farashinsa. Saura wata huɗu ta yi ritaya aka sallame ta, wai ba ta da biyayya. Babu walima, babu takardar yabo. Ledarta kawai ta ɗauka, ta fita ta ƙofar da take shigowa.