Akori-kurar Malam Lawan

Oluwole fanabita ne, mai gyaran jikin mota a Gyadi-Gyadi, tun kansa na baƙi har ya yi furfura. Mutum ne da ko a hanya ya ga mota a lotse, sai hannunsa ya kama ƙaiƙayi. Babban amininsa shi ne Malam Lawan direba, mai wata tsohuwar akori-kura da ya daɗe yana dakon masara da ita, kafin ta ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Da tsufa ya rikita Malam Lawan, sai ya daina gane kowa, magana ma ya bari. Oluwole ya je duba shi a Tarauni, Malam Lawan ya kalle shi kamar baƙo. Wallahi abin ya ci masa rai. Hajara, 'yar Malam Lawan, ta ce likita ya ce a riƙa nuna masa abin da ya saba da shi, ko Allah zai sa ya tuna.

Sai Oluwole ya tara gwangwanayen madara, ya ƙera akori-kurar, 'yar ƙarama, ba ta wuce tsawon takalmi ba. Ya goge ta, ya fesa mata shuɗin fenti, tana ta ƙyalli. Ya kai. Malam Lawan ya dube ta, ya juya fuska bango.

"Baba Wole," in ji Hajara, "motar Baba ai ba ta taɓa yin kyau haka ba."

Kai! Nan fa ake yin ta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana miƙar da ƙarfe, yau shi zai ɓata da hannunsa. Ga shi jikin Malam Lawan kullum baya yake yi. Ya kankare fentin, ya yayyafa ruwan gishiri, ya ajiye ta kan rufin shago. Tsatsa kuwa ba ta san ana sauri ba. Kullum sai ya hau ya leƙa, kullum in waya ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi.

Da ta yi ja, ya shafa mata baƙin mai da jar ƙasa. Ya ɗaga guduma, ya lotsa ƙofar direba, ya ɗaure ta da roba yadda Malam Lawan ke yi a da.

Ya sami Malam Lawan kwance, ya rame sosai. Ya ɗora masa motar a ƙirji. Hajara ta riƙe baki. Can sai yatsan tsohon ya bi gefen motar a hankali, ya tsaya kan robar. Ya ɗaga ido, ya haɗe gira.

"Wole," ya ce, "har yanzu ba ka gyara min ƙofar nan ba?"

Oluwole ya durƙusa, hawaye na zuba. "Gobe, Malam. Kawo ta gobe da safe."