Randar Maliki

Maliki mai gyaran injin ban-ruwa ne. A Zandam aka haife shi, a ƙasar Gwaram, ya bar makaranta a aji huɗu na firamare. Shekara biyu bayan an ƙirƙiro Jigawa ya dawo Birnin Kudu da akwatin sifana, ya kafa rumfa kusa da tasha. Manoman rani daga Surko suna kawo masa injinan da suka ƙi jan ruwa. Ba ya gaggawa, kuma yakan saurari ƙarar inji kafin ya taɓa shi.

Ni kuwa kimiyya na karanta a jami'a, na koyar da ita shekara talatin. Amma ɗana Abdulmuhaimin a rumfar Maliki yake wuni.

Abdulmuhaimin yana haɗa bidiyon biki da suna a kwamfuta. Da aiki ya yi yawa, sai ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Ta yi sauri, amma ta riƙa zafi tana mutuwa. Na ce a sayo babbar fanka daga Kano, har na rubuta masa lissafi a takarda.

Washegari ya zo da Maliki. Maliki ya dubi takardar a juye, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, lissafinka daidai ne. Amma a watan Afrilu me fanka za ta hura mata? Iskar da ke gasa mu?"

Abdulmuhaimin ya yi dariya. Ban yi ba.

Maliki ya naɗe bututun jan ƙarfe na tsohon firij, ya nutsa shi cikin randa. Ya ɗora ɗan farantin jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar, ya haɗa su da tiyo da ƙaramin famfo. Ruwan tiyon ya kwaso zafi, randa ta sanyaya shi. Kwamfutar ba ta sake mutuwa ba, ni ma ban sake shiga ɗakin ɗana ba.

Bara Abdulmuhaimin ya rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu, yana da shekara ashirin da huɗu. A ɗakinsa aka saukar da baƙin da suka zo ta'aziyya daga Gwaram.

Bayan arba'in na kunna kwamfutar, don ina son in ji muryarsa. Minti uku ta yi ta mutu. Na kafa mata fankar ɗakina, ta yi biyar. Sati biyu ina haka kafin na aika a kira Maliki.

Bai dubi kwamfutar ba. Faifan da ke bakin randar ya ɗaga.

"Baƙinka sun shanye ta, Malam. Wa zai ga randa a ɗaki ya ƙi sha? Ga moɗar ma sun bari."

Ya ɗebo ruwa bokiti biyu da kansa. Ya san inda ɗana yake ajiye mazurari, ni ban sani ba.

Muka kunna kwamfutar, ba ta mutu ba. Aikin ƙarshe da ke ciki ba na biki ba ne. Bidiyon minti arba'in ne na Maliki a rumfarsa, yana kwance inji yana surutu. Abdulmuhaimin ba ya fitowa, sai muryarsa a bayan kyamara: "Baba Maliki, yau ma za ka ce laifin manomin ne?" Sai dariyar nan tasa. Na bincika ko'ina, ban ga kaina ba.

Maliki ya share ido da gefen rigarsa, ya tashi zai tafi. Na so in bar shi ya tafi. Amma akwai wuraren da suke dariya ban san dalili ba, kuma shi kaɗai ya rage wanda ya sani.

"Zauna," na ce. "Mece ce maganar manomin nan?"

Ya zauna a kujerar ɗana ya fara ba ni labari. Kullum da safe ni nake cika randar, shi kuma ran Juma'a yake zuwa.