Katin da Ke Aljihun Gwaggo

A ɗakin kwantar da yara na asibitin, kowa Gwaggo yake ce mata, har likitoci. Ba nas ba ce. Ita ke canza zanen gado, ta yi wa yara wanka, ta ba su abinci idan uwa ta gaji. Jini ba ya ba ta tsoro, amai ba ya tayar mata da zuciya. Abu ɗaya ne kawai ke firgita ta: littafin da ke kan teburin bakin ƙofa, inda dole kowace ma'aikaciya ta rubuta da Turanci yadda ta bar yaran da ke hannunta kafin ta tashi. Shi ma'aikatan yamma ke fara buɗewa, kuma yawancinsu ba sa jin Hausa.

Gwaggo tana jin Turanci, tana ma yin sa daidai gwargwado. Amma da ta riƙe biro sai kalmomin su watse. 'Yarta ce ta samo mata dabara tun tana sakandare. Ta rubuta mata jimloli uku a wani ɗan kati: ya ci abinci, ya yi barci, babu ƙorafi.

"Mama, ki kwafa kawai. Kada ki ƙara komai ki ja mana abin kunya."

Zazzaɓi ne ya ɗauke yarinyar. Ta kwana biyu tana mita, sannan ta yi shiru, duk gidan aka ce sauƙi ya samu. Katin ya ci gaba da zama a aljihun rigar aikin Gwaggo har gefensa ya lanƙwashe.

Da ta rasa mai duba mata rubutu, sai ta shiga ajin koyon rubutun Turanci na manya da ake yi safiyar Asabar. Malamar ajin ba ta yarda da kwafi ba. Takan ce su leƙa taga su rubuta abin da idonsu ya gani.

"Gwaggo, tun ɗazu kike kallon titi," in ji wani maigadi da ke zama bayanta. "Ko mijin aure kike jira ya wuce?"

"Kai da ka yi saurin rubutawa, ai ga takardarka nan Malama ta yi mata wanka da jan biro."

Malama ta jawo kujera kusa da ita. "Gwaggo, jan biro bai taɓa kashe kowa ba. Ki yi jimlar gajeruwa: wane ne, me ya faru, tun yaushe. Ko a karye ta fito, ki bar ni da gyara."

A aji ta fara iyawa, da gumi. A wajen aiki kuwa, katin dai.

Ranar da abin ya faru, yaron gadon jikin taga ne, ɗan shekara biyu, kakarsa ke jinyarsa. Kullum in za a yi masa wanka sai ɗakin ya ɗauka da ihu. Ran nan ko motsi bai yi ba. Kunzugunsa a bushe tun safe. Jikinsa zafi, tafin hannunsa sanyi.

"Yau kam ya yi hankali," in ji kakar tana murmushi. "Sauƙi ne, ko, Gwaggo?"

Gwaggo ta juya da sauri. Ta tari nas ɗin safe, wadda ke tura gadon wani yaro zuwa ɗakin tiyata, ta fara gaya mata halin da yaron taga ke ciki.

"Sa a littafi, Gwaggo, sa a littafi," in ji nas ɗin, ba ta ko waiwayo ba.

Gwaggo ta tsaya gaban tebur. Shugabar ɗakin na kusa tana duba wasu takardu. Gwaggo ta ɗauki biro. Ta nemi kalmar farko ta rasa, ta ji kamar duk ɗakin ita ake kallo. Hannunta ya shiga aljihu da kansa. Ta kwafa. Ta ce wa ranta ai ba ƙarya ta yi ba: ya karɓi cokali biyu, ya yi barci, bai yi ƙorafi ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A tashar bas wata mata na goye da jariri yana ta tsala kuka, uwar na jijjiga shi tana ba mutane haƙuri. Gwaggo ta tsaya tana sauraren kukan. Yaron taga ya faɗo mata a rai. Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi ba da ita ba.

Da Gwaggo ta komo asibiti, nas ɗin yamma, wadda suke kira Doguwa, ta riga ta karanta littafin, tana kan waya. Gwaggo ta buɗe baki, Doguwa ta ɗaga mata hannu alamar ta jira. Ba ta jira ba. Ta jawo littafin, ta ja layi a kan jimlolin 'yarta, ta rubuta nata a ƙasa, haruffan na hawa da sauka. Yaron taga. Babu fitsari tun safe. Hannu sanyi, jiki zafi. Kullum yana kuka, yau babu. Ta tura shi ƙarƙashin idon Doguwa.

Doguwa ta karanta. Ta ajiye wayar ba sallama.

Aka ja labule. Daga baranda Gwaggo ba ta ganin komai sai takalma suna kai da kawowa, na likita, na Doguwa, da ƙafafun sandar ƙarin ruwa. Kakar ta fito ta kama mata hannun riga. Suka tsaya nan. Gwaggo ta damƙe katin a aljihu har ya yanki tafinta.

An jima sosai kafin wani sauti ya fito daga bayan labulen, siriri, a shaƙe.

"Wayyo, kuka yake," in ji kakar, ta yunƙura za ta shiga.

Gwaggo ta riƙe ta.

"Bar shi, Inna. Bar shi ya yi."