Takalma a Hannu

Ni ba mai kallon kokawa ba ce. Tun rasuwar maigidana nake kasa dabino a bakin fili bayan la'asar, shi ya sa na ga wani baƙo.

Dogo ne siriri, da zanen Barebari a kumatu. An ce cikin masu gudun yaƙin Barno ya iso nan Gure, shi kaɗai. Kowa na zaune a rairayi, shi yana tsaye can baya, ƙunshin kaya a hammata, takalma a hannu irin riƙon mai shirin gudu. 'Yan kokawar garin Kelle sun zo karawa da namu, makaɗa sun dage, amma ba fage yake kallo ba, hanyar da ta ratsa tuddai yake duba. Duk bugun ganga sai kafaɗarsa ta zabura. Ina tsammanin ihun taron da ya ji na ƙarshe bai ƙare da alheri ba. Wa ya baro a can? Allah masani.

Sai ga namu ya yi kaye. Fili ya ɗauki sowa, mutane suka miƙe gaba ɗaya. Baƙon ya juya zai ruga, tsoho Maiturare ya cafke masa riga.

"Haba ɗan'uwa, ina zuwa? Namu ne a sama! Ko kai ma ɗan Kelle ne? Zauna mana."

Ya durƙusa a hankali, ya ajiye ƙunshin a ƙasa. Takalman dai suna nan a hannunsa. Allah ya sa gobe in gan su a ƙafarsa.