Dokin Kaboyi da Kitson Hajiya

Shagon kitsona yana kan Gate City Boulevard, tsakanin wani kantin kayan abincin gida da filin masu sayar da tsofaffin motoci. Akwai tele a maƙale a bango. Mace ta zaɓi irin kitson da take so, ta zaɓi launin gashin da za a ƙara mata, amma abin kallo ni ke zaɓa.

Bayan azahar, idan yatsuna suka fara tsami, wani tsohon katun na kaboyi nake sakawa, wato zane mai motsi. A Maradi desan anime muke ce wa irinsu. Ina yarinya na fara ganinsa a telen maƙwabcinmu, sai ga shi na tsinci faifansa a wani shagon gwanjo a nan Greensboro. Gajere ne, kafin shayi ya huce ya ƙare.

Labarin wani siririn kaboyi ne mai cika baki, da dokinsa wanda ya fi shi hankali. Mutanen wani ƙauye suna neman mai kama musu ɓarawon shanu, kaboyin ya bugi ƙirji ya ce shi ne. Wurin da nake jira kullum shi ne inda ɓarawon ya ɓullo daga bayan dutse, inuwarsa ta rufe su. Kiɗa ya ɗauke. Dokin ya ɗaga kai ya dubi ɓarawon, ya waiwayo ya dubi ubangidansa, sannan ya dube mu masu kallo. Ba ya gaggawa. Sai ya sauke kaboyin daga bayansa a hankali kamar mai sauke tulu, ya gyara masa hula, ya miƙe a kan ƙafa biyu ya yi sanɗa ya tafi abinsa.

Wanda ya zana wannan ya san doki, ya kuma san tsoro. Da hannu aka yi shi, ana gani a rawar kunnen dokin da jan duwatsun da ke bayansu. Shirun nan ma an auna shi: da ya ƙaru kaɗan da abin ya yi sanyi, da ya ragu da dariyar ba ta nuna ba. Waɗanda 'ya'yana suke kallo a waya sumul suke kamar roba, sai ihu da gudu, ba wanda ke tsayawa ya yi numfashi.

Wata Asabar Hajiya ta zo. Babbar mace ce a cikinmu 'yan Nijar, gidanta na Pleasant Garden, kuma ba a suna ko biki ba tare da an ji ta bakinta ba. Na raba kanta gida biyu, na gama ɓangaren dama, sai na saka katun ɗina. Da dokin ya sauke kaboyin na yi dariya, yadda na saba.

Hajiya ta dube ni ta madubi. Ta ce ita ba ta zo nan kallon shirmen yara ba, in kashe in saka wa'azi ko waƙar gida. Na ce ta yi haƙuri, yanzu zai ƙare. Ta ce ba tsawonsa ne ya dame ta ba. Abin kunya ne uwar 'yan mata ta riƙa ƙyalƙyala wa zanen doki dariya a gaban mutane, kuma an daɗe ana maganar a gari, ita ce dai mai faɗa mini a fuska.

Na ce, "Hajiya, ku dube shi sau ɗaya tak. Aiki ne mai kyau."

Ta ce, "Ko ki kashe, ko in tashi."

Akwai mata biyu a kujera suna jira, duk suka sunkuyar da kai. Tun da na zo ƙasar nan ake gaya mini abin da zan yi: a wajen aikin da na fara, a makarantar yara, har a taron mata. Wannan ɗan abu ɗaya da nake so don kaina, shi ma a ce in ɓoye shi kamar na sato? Na cire hannuna daga kanta, na ajiye tsinken kitso a kan tebur.

Ta miƙe, ta ɗaura kallabinta a kan rabin kitso, ta fita. Na kira mai bi mata a layi.

Kafin magariba labari ya riga ni isa gida. Maigidana ya dawo daga sito inda yake aiki a Wendover, ko takalmi bai cire ba ya ce in shirya gobe mu je in ba ta haƙuri. Ya ce a kan doki na takarda zan ɓata da mutane? Na ce zan je, don babba ce, kuma ban taɓa barin kai a tsefe ba sai yau. Amma ya sani tun yanzu, akwai abin da ba zan ba da haƙuri a kansa ba.

Washegari muka je. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na yi kuskure da na bar ta ta fita da rabin kai. Sai ta zame kallabin. A falonta na ƙarasa kitson, shuku mai ƙananan layi, na kuma zuba masa duk abin da na iya. Da ta duba madubi ta ce hannuna dai ba shi da laifi, taurin kai ne ya yi mini yawa. Sannan ta tambaya ko na daina saka abin nan.

Na ce, "A'a, Hajiya. Gobe ma zan saka."

Ta ce to ita da shagona sai dai daga nesa. Na ce ƙofa a buɗe take duk ranar da ta ga dama.

Ba ta dawo ba. Wasu mata uku ko huɗu suka bi ta, na kuma ji zafin hakan, ba zan ɓoye ba. Yanzu wajen wata 'yar Gana take kitso. Idan muka haɗu a gidan suna ina durƙusawa in gaishe ta, ta tambayi yara da babansu, in ce duk lafiya lau, sai kowa ta nemi wajen zamanta.