Kanumfari a Tanki na Uku

Vern Triffitt bai iya zama ba. Duk kwarin Derwent babu wanda zai rantse ya taɓa ganinsa ya gama shan shayi a kan kujera. A tsaye yake sha, yana leƙen taga kamar wanda ya aiki wani.

Shekara talatin da takwas ya yi a wani babban kamfanin giya a Hobart, aikinsa ɗanɗano. Kullum ƙarfe goma na safe a jera masa kofuna shida masu sanyi ƙarara, ya shinshina, ya kurɓa, ya ce wannan ta wuce, wannan a zubar. Saboda harshen nan bai taɓa shan taba ba, ba ya cin yaji, matarsa Noelene ma turare sai ranar da ba ya zuwa aiki. Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne sau huɗu yana kama warin kanumfari tun kafin 'yan ɗakin gwaji su gano. A wajensu kanumfari a cikin giya ma'anarsa ɗaya ce: yistin daji ya shiga, tanki ya lalace, a zubar, a wanke da soda tun bai kama na kusa ba.

Da ya yi ritaya aka ba shi agogo, aka tafa masa. Tun daga ranar ya addabi gidan. Ya gyara shingen da lafiyarsa ƙalau, ya sassabe itatuwan tuffa har suka koma kamar sanduna.

"Vern, don Allah ka fita ka dami wani," in ji Noelene. "Tun safe kake kai da komo, ka sa min jiri."

"Ina za ni?"

"Oho. Ka je ka ƙirga tumakin maƙwabta."

Inda zuciyarsa take shi ne tsohon rumbun tuffa da ke gangaren gidan. 'Yarsu Narelle ta mai da shi wajen yin giya, tanki uku, ita kaɗai. Sai dai ta kafa masa doka: ya shigo ya kalla, amma kada ya taɓa komai. Ta san halinsa. Duk giyar da ba ta fito ruwan ɗorawa tas ba, cewa yake taɓo ce. Shi ya sa ko sau ɗaya ba ta gaya masa abin da ke cikin tanki na uku ba. Abin da ya sani kawai, baƙar giya ce mai ƙarfi, irin wadda ake kira fota, kuma da ita za ta je bikin tsakiyar hunturu nan da kwana tara, karo na farko da za ta tsaya gaban jama'a da sunanta.

Ran Alhamis ta tafi Launceston ɗauko kwalabe. Da za ta shiga mota ta yi jim, sannan ta miƙa masa makulli.

"Baba, ka duba min ma'aunin zafi da rana. Dubawa na ce fa."

"Na ji. Ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Ya duba ma'aunin da ƙarfe tara. Ya sake dubawa da tara da rabi. Ya share ƙasa, ya jera bokitai, ya fita, ya dawo. Ƙarfe goma na bugawa, wallahi hannunsa ne ya tafi da kansa. Ya ɗauki kofi, ya murɗa ɗan famfon da ke jikin tanki na uku. Ta zubo baƙa wuluk, da kumfa launin ƙasa. Ya kai hanci.

Kanumfari.

Ya kurɓa don ya ƙaryata hancinsa. Kanumfari ne, har da wani ƙamshi kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Ya ajiye kofin a kan taga, ya kira Narelle. Wayar ba ta shiga. Yarinyar ta bi hanyar tsaunuka, inda waya ba ta kamawa. Sau bakwai yana kira.

Ya hau gida da sauri. "Noelene, giyar yarinyar nan ta lalace."

"Ka taɓa ke nan."

"Ba maganar da ake yi ba ke nan! Yistin daji ne. In aka bar shi zai kama sauran tankunan."

"Ka jira ta dawo mana. Ƙarfe uku za ta iso fa."

Jira! Vern ya koma rumbu yana zagaye tankin. Yana ganin 'yarsa a wajen biki tana miƙa kofi, tsofaffin abokan aikinsa suna shinshinawa suna haɗa ido, suna cewa ashe 'yar Triffitt ce. Tausayinta ya kama shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ga wani abu kuma da ba zai faɗa wa kowa ba: daɗi yake ji. Shekara uku ke nan babu wanda ya buƙaci harshensa. Ƙarfe goma sha biyu ya buɗe babban famfon ƙasa. Lita ɗari shida ta bi kwata. Ya kwashe kaurin da ya kwanta a gindin tankin, ya wanke da soda sau biyu, ya ɗauraye har ƙarfen yana ƙyalli.

Narelle ta shigo da kwali a hannu, ta ga ƙofar tankin a buɗe. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

"Baba, ina giyata?"

"Ta lalace, 'yar nan. Kanumfari ne tun daga sama har ƙasa. Allah ya sa na kama da wuri."

Ta ajiye kwalin a hankali. "Kanumfarin nake nema. Shekara biyu ina nemansa."

"Ban gane ba."

"Yistin gidan fada ne, irin wanda fada-fadan coci na Beljiyam ke yin giya da shi a gidajen ibadarsu. Haka yake ƙamshi, Baba. Aikinsa ke nan. Sau goma sha ɗaya ina raya shi daga wannan tukunya zuwa waccan kafin ya saba da baƙar sha'ir." Ta leƙa cikin tankin. "Yistin da ya kwanta a gindin fa?"

Vern ya kalli bokitin soda. Ita ma ta kalla. Ta zauna a kan kwalin ta rufe fuska, shi kuwa a karon farko a rayuwarsa ya tsaya wuri ɗaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Can ta ɗago, idonta ya sauka a kan taga. Kofin na nan tun safe, rana ta ɗan taɓa shi, sanyin ya fita. Ta ɗauko shi da hannu biyu.

"Da sanyi ka sha, ko?"

"Giya ai da sanyi ake gwada ta."

"Taku ta kamfani ke nan. Kurɓi. Kaɗan, Baba, na roƙe ka."

Ya kurɓa. Kanumfarin yana nan, amma ya koma baya ya zauna. Gahawa ce ta fara zuwa, sai ɗacin ƙanzo kaɗan, sai wani zaƙi mai nauyi kamar dabinon da ya daɗe a ajiye, sannan ɗumi ya bi maƙogwaronsa har ƙirji. Ya laluba da harshensa yana neman aibu, don abin da ya iya ke nan. Bai samu ba. Kunya ta rufe shi. Shekara talatin da takwas yana kurɓa ɗaya ya ture kofi, yau ga shi ya sake ɗaga hannu zai ƙara.

Narelle ta riƙe masa hannu. "A'a. Sauran ba na sha ba ne. Akwai yisti mai rai a ciki."

Ta dafa ruwan sha'ir mai zaƙi, ta huce shi, ta zuba a kwalba mai faɗin baki, ta juye ragowar kofin a ciki ta rufe.

"Zai tashi?" ya tambaya.

"Wataƙila."

"Kafin biki?"

"Biki ya wuce ni, Baba. Wata biyu, in ya yarda."

Ta miƙa hannu. Ya gane, ya zaro makullin daga aljihu ya sa mata. Sai ta ɗora masa kwalbar a tafin hannu.

"Ɗumi yake so. Duk bayan awa ɗaya ka girgiza shi. Tunda ba ka iya zama ba, ga aiki. Kada ka buɗe, kada ka shinshina."

Noelene tana tsaye a bakin ƙofa ta hango shi yana hawowa, kwalbar a cikin rigar sanyinsa, yana takawa a hankali. Ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta ga fuskarsa. Ta matsa ta ba shi hanya, ta jawo masa kujera kusa da murhu, ya zauna.