Na Ɗauka Wanki Ɗaya Ne

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan manta da ranar da na fahimci abin da ake nufi da wankin ƙoda ba.

Ɗana na fari masunci ne a bakin ruwa kusa da Wara. Ƙato ne, ga son raha. Kamar sauran abokansa, kafin ya shiga jirgi sai ya haɗiye ƙwayoyin ciwon jiki, irin waɗanda mai kemis ke ƙullawa a leda. Wata ranar kasuwa sai ga wani likita da mutanensa sun kafa rumfa, suna awon jini da fitsarin masunta. Aka ce bincike yake yi a kan ciwon ƙoda. Samari suka mayar da abin wasa. Da kunnena na ji yaron nan yana cewa, "Likita, duk kifin Yauri bai ishe ka ba, sai fitsarinmu?" Likitan ma ya dara.

Da ya duba nasa, dariyar ta tsaya. Ya sa aka kira ni daga inda nake sayar da ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Inna, ƙodarsa ta fara gajiya. Ya bar ƙwayoyin nan, ya same ni a asibitin birni." Yaron ya bugi ƙirji ya ce, "Ni da ke jan taru ni kaɗai? Inna, mi kike tsoro?" Ya bari na ɗan lokaci, da aikin ruwa ya matsa ya koma. Birni da nisa, asibitin garinmu kuwa a lokacin ko abin awon fitsari babu.

Bayan 'yan shekaru ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta bi, abinci ya daina zama. Muka tafi birni, muka tarar da likitan nan. Ya ce za a yi masa wankin ƙoda. Na yi ajin yaƙi da jahilci, har allon ƙofar ɗakin na karanta da kaina, sai na ɗauka na gane. Wanki ai na san shi. A wanke, a shanya, a ninke, an gama.

Aka jona shi da inji, jininsa na fita ta wata roba yana dawowa ta wata. Kashegari ya cinye tuwo, har yana tsokanar ma'aikaciyar jinya. Na yi hamdala, na ɗaure kayanmu. Likita ya iske ni a baranda da ƙunshi a kai.

"Inna, ina zuwa?"

"Gida mana, likita. Ai an wanke."

Ya karɓi ƙunshin ya ajiye, ya zaunar da ni a benci. "Inna, ba ƙodar ake wankewa ba, jini ne. Ƙodar ta daina aiki. Inji ne zai riƙa yi mata, kowane mako."

"Har yaushe?"

Ya ce, "Muddin yana raye, Inna." Har yau ina jin maganar nan.

Mun zauna iya ƙarfinmu. Aka sayar da jirgi, taru ya bi shi. Da aka fara maganar gona, yaron ya ce, "Inna, kai ni gida. Yarana ba za su ci inji ba." A gida Allah ya karɓi abinsa. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba sai ranar.

Yanzu a asibitin garinmu ana awon jini da fitsari, ana ja wa masu kemis kunne, an ce har kuɗin wankin an sassauta. Ma'aikatan sun ce rubutun likitan nan ne ya kai gaban manya. Ya dawo bakin ruwa ya gaya wa jama'a abin da ya gano, aka yi ta tafi. Ya gane ni a cikin mata, ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Inna, ɗanki na cikin waɗanda suka sa aka saurare mu."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. A hankali na ce, "Likita, ai tun yana da rai ka faɗa. Sai an mutu ake sauraren ku?" Ya sunkuyar da kai. Ba shi nake tuhuma ba, shi ma ya sani.

Na kai jikokina an duba su, kuma ina yi wa likitan addu'a. Amma na koyi cewa ilimi kan daɗe a hanya kafin ya iso wurin talaka, wasu 'ya'yan kuwa ba sa iya jiransa. In mai sani ya ce jikinka ya fara gajiya, kada ka jira manya su yarda tukuna. Tashi ka tafi tun kana iya tafiya da ƙafarka.